Kunya da Kara a Tallar Tsarin Iyali: Sharhi kan Zaɓen Kalmomi

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce duba yadda masu tallar tsarin iyali a rediyo suke sarrafa kalmomi biyu, wato kunya da kara, waɗanda ba su da takwarori sak a Ingilishi. A shekarar 1974 Kirk-Greene ya lasafta kunya cikin siffofi goma na mutumin kirki a wurin Bahaushe, tare da gaskiya da amana da haƙuri.

2.0 Inda Tallar Take Tuntuɓe

Galibin waɗannan tallace-tallace da Ingilishi ake tsara su, sannan a mayar da su Hausa. Mai tsarawa yana ɗaukar kunya a matsayin shinge, don haka sai ya umarci mai sauraro da ya cire ta. To amma kunyar da take hana uwa ambaton sunan ɗanta na fari, ko mace kiran sunan mijinta, ado ce. Shi ya sa "marar kunya" ya zama zagi. A gari irin Sahon Rami, cikin masarautar Kontagora, inda magidanci da surukinsa za su iya zama gaban rediyo ɗaya, irin wannan umarni kan sa a murɗe tasha kafin saƙon ya isa.

3.0 Inda Ta Yi Hikima

Sauya "ƙayyade iyali" da "tazarar haihuwa" dabara ce mai kyau. Ƙayyadewa tana nuna shiga hurumin Ubangiji, ita kuwa tazara ta dogara kan abin da aka riga aka sani, wato shayarwar shekara biyu da guje wa kwanika. Sai dai kara tana ɓoye sakamakon. Mai kara yakan amsa wa baƙo da "to" don kada ya kunyata shi, ko da bai gamsu ba. Ma'aikacin da ya ƙidaya wannan "to" a matsayin amincewa ya yaudari kansa, kuma uwar da aka yi tallar dominta ita ce da asara.

4.0 Kammalawa

Wajibi ne a riƙa tsara irin wannan talla da Hausa tun daga tushe, tare da masana harshe. Haka kuma ya kamata masu ƙamus su fayyace bambancin kunya da kara da kawaici fiye da yadda Bargery ya yi a 1934.