Dariya kyauta ce, talla kuwa da kuɗinta

Rabin hirar da ake yi yanzu a zaurukan WhatsApp, daga Mai Yara har Dakoro, da fuskokin ƴan wasan Hausa ake yin ta. Ka tuna wa aboki bashin da kake bin sa, sai ya turo maka sitika ta marigayi Rabilu Musa Ibro ya zare ido ya riƙe baki, magana ta ƙare. Ibro ya rasu tun Disamban 2014, amma har gobe fuskarsa tana raba gardama.

Ni ban ga laifin wannan ba. Barkwanci ne, irin wanda ke tsakanin taubasai tun kafin a san salula. Dokar haƙƙin mallaka da Najeriya ta sabunta, wadda aka sa wa hannu a 2023, ita ma ta bar ƙofa a buɗe ga kwaikwayo na raha da shaguɓe.

Inda na tsaya shi ne wurin da kuɗi suka shigo. Mai shago ya yanko muryar mawaƙi ya ɗora a bidiyon tallar atamfarsa a TikTok. Ɗan takara ya ɗauki karin waƙar wani, ya sa a sauya mata baitoci da sunansa. Ranar kasuwa kuma ga mai turi zaune a rumfa, da kwamfuta da faifan sola da wayoyi a jere suna caji, yana cika wa mutane katin waya da finafinan Kano da waƙoƙi a kan ƴan daloli. Cikin waɗannan daloli ko ɗaya ba ta isa hannun wanda ya biya situdiyo, ya biya mai kiɗa, ya kwana yana gyaran baiti.

Za a ce ai suna ake yi wa masu fasahar. Suna ba ya biyan kuɗin aiki. Masu shirya fim a Kano sun ga yadda satar fasaha da turi suka kashe kasuwar faifan CD, har da yawansu suka koma YouTube da finafinai masu dogon zango, domin can aƙalla ana ƙirga masu kallo a biya.

Kuma doka tana nan. Nijar na da hukumar BNDA mai karɓar wa masu fasaha haƙƙinsu, ga dokar haƙƙin mallaka ta 2010. Nijar da Najeriya duk suna cikin yarjejeniyar Berne, ke nan waƙar da aka rera a Kano tana da kariya a Maraɗi, iyaka ba ta halatta satarta.

Mu mutanen jihar Maraɗi ya kamata mu fi kowa jin zafin wannan. Shekaru aru-aru fatar jar akuyar ƙasar Hausa tana ƙetare Sahara, tana isa Turai da sunan fatar Maroko. Majema suka sha wahala, wasu suka kwashi suna. Albasar Galmi ma sai da manoma suka tashi tsaye lokacin da wani kamfanin iri na Senegal ya nemi rajistarta a hukumar OAPI, mai mazauni a Yawunde, wadda yarjejeniyar Bangi ta 1977 ta kafa. Yau albasar Galmi da kilishin Nijar suna da takardar da ke kare sunansu a wannan hukuma. In mun ji haushin wanda ya ci da sunan albasarmu, da wane baki za mu kare cin gumin mawaƙi?

Ba na goyon bayan a ƙwace kwamfutar mai turi, shi ma abincinsa yake nema, kuma a karkarar da intanet ke wahala shi ne ke kai fasaha ga jama'a. Abin da nake so BNDA ta yi shi ne ta yanka wa masu turi kuɗi kaɗan na shekara, ta ba su takarda, ta bayyana yadda aka raba wa masu haƙƙi. Ɗan kasuwa da ɗan siyasa kuwa ba su da uzuri: mai kuɗin buga fosta yana da kuɗin neman izini. A bar yara su yi ta tura sitika, amma duk wanda zai sayar da kaya ko ya nemi ƙuri'a da muryar wani, ya nemi mai ita su yi ciniki tukuna.