Kwancin Kaza da Renon 'Yan Tsaki: Inda Al'adarmu Ta Ƙware da Inda Ta Yi Sake

A yawancin gidajen karkara na ƙasar Hausa, kaza dukiyar mace ce. Da ita ake sayen sabulu da magani, ita ake yanka wa baƙo, kuma kuɗin kaji ne ke taruwa har ya zama akuya. Duk wannan arziki ya rataya ne a kan ranar da kaza za ta daina kyarkyara, ta lafe a gurbi, ta tayar da gashi tana kai sara ga duk hannun da ya matso. Kwanci ke nan. Iliminsa daga uwa yake zuwa ga 'ya, kuma wanda ya dube shi da idon basira zai ga ƙwarewa ta gaske a kwanaki 21 na zaman gurbi, sannan ya ga sake mai yawa a makonni shida da ke biye da ƙyanƙyasa. A wannan zango na biyu ne asarar take.

A fara da abin da aka iya. Mai kiwon da ta san hannunta ba ta barin kaza ta kwanta a kan duk abin da ta saka. Takan bar mata gwargwadon abin da ƙirjinta da fukafukanta za su rufe, kamar ƙwai 8 zuwa 12 ga kazar Hausa, ta cire mai tsagu da wanda ya daɗe, domin ƙwan da ya wuce mako guda a ajiye, musamman a zafin bazara irin na Sakkwato ko Maiduguri, ƙarfin ƙyanƙyasarsa raguwa yake yi. Wasu sukan ja wa kowane ƙwai layi da gawayi. Dalilin shi ne wata kazar kan kutso ta saka nata a gurbin mai kwanci, kuma ƙwan da ya shigo bayan kwana biyar ba zai fashe tare da sauran ba. Uwar za ta tashi da waɗanda suka fito, ta bar shi ya huce ya zama bara-gurbi.

Kimiyya ba ta ƙaryata ko ɗaya daga cikin waɗannan dabaru ba. Ta dai bayyana abin da ke gudana a jikin kazar. Wani sinadari mai suna furolaktin ne ke ƙaruwa a jininta, ya tsayar da saka ƙwai, ya sa mata son zama. Gashin ƙirjinta kan zube domin fata ta taɓa ƙwanso, ta riƙe ƙwan a ɗumin da ya kusa digiri 38 a ma'aunin Salshiyas. Tana juya su da baki sau da yawa a yini don kada ɗan tayin ya manne a gefe guda. Injin ƙyanƙyasa na zamani ba abin da yake yi illa kwaikwayon wannan, ga shi kuma yana neman wutar da ba ta tsayawa. Gurbin da ke ƙasa ma yana da hikimarsa, domin laimar ƙasa na hana fatar cikin ƙwai bushewa a lokacin hunturu.

Inda gwanintar ta fi fitowa shi ne wajen ƙwan zabi. Zabuwa na saka ƙwai da yawa a damina, amma ba uwar kirki ba ce: a daji take ɓoye gurbi, in ta ƙyanƙyashe kuma sai ta ja 'ya'yan cikin ciyawa mai raɓa su jiƙe su mutu. Don haka manomi a Katsina ko Maraɗi ko Damagaram yakan tsinto ƙwan ya sa wa kaza. Ƙwan zabo na ɗaukar kwana 26 zuwa 28, wato kusan mako guda fiye da na kaza, saboda haka mai son haɗa su a gurbi ɗaya sai ya fara sa na zabo, bayan mako ya ƙara na kaza, su fito tare. Wannan lissafi ne na mutanen da suka daɗe suna lura, kuma babu gyara a cikinsa.

Kuskuren farko yana faruwa ne tun kazar na gurbi. Ana ɗauka mai kwanci ba ta bukatar komai. Gaskiya ne sau ɗaya take sauka a yini, ta yi kashi mai yawa mai wari, ta ɗan tsattsaga, ta yi birgima a ƙasa, ta koma. To amma in babu hatsi da ruwa kusa, dole ta yi nisa ƙwan ya huce, ko ta haƙura da yunwa ta rame. Ga kuma ƙuma da ƙwarƙwata da ke samun jiki mai ɗumi wanda ba ya motsi. Kazar da suka addaba takan gudu ta bar gurbi, sai a ce ta yi iskanci, alhali da an zuba toka a ƙarƙashin shimfiɗar gurbin, an ajiye mata wata tokar a kasko don birgima, da ta samu sauƙi. A karkarar Bangaladash akwai wani kaskon yumɓu na kwanci da ake gina shi haɗe da 'yan kofuna biyu a bakinsa, ɗaya na ruwa ɗaya na abinci. Ba abin da zai gagari maginan tukwanenmu ba ne.

Ranar ƙyanƙyasa aikin mai kiwo shi ne ta kame hannunta. Ɗan tsako kan huda ƙwanso da wani ɗan tsini da ke saman bakinsa, ya huta, ya ci gaba da zagayawa. Abin na iya cin yini guda. Yara, har da manya masu tausayi, sukan so su ɓare masa. Jijiyoyin jini da ke jikin fatar ƙwan ba su gama ƙafewa ba, cibiyarsa ba ta gama rufewa ba, ɓarewar na iya kashe shi. Ba a kuma gaggawar ba shi abinci, domin dab da fitowarsa ya janye ragowar gwaiduwa cikin cikinsa, guzurin da zai riƙe shi kwana biyu zuwa uku.

Daga nan sai al'ada ta ce kaza ta san 'ya'yanta, a buɗe akurki. Uwar da ta yi mako uku tana rama ita aka bar wa ciyar da tsaki goma da tonon bola, ta yawata da su daga kwata zuwa bayan gida. Binciken da aka sha yi a ƙauyukan Afirka ya nuna cewa sau da yawa rabin 'yan tsakin da aka ƙyanƙyashe, ko ma fiye, ba sa kaiwa wata biyu. Kowa ya san makasan: shirwa da shaho da hankaka daga sama, muzuru da gafiya da maciji daga ƙasa, sanyin asuba, ruwan sama, da kwanon ruwa mai zurfi da ɗan tsako ke faɗawa. An ce kaza mai 'ya'ya ita ke gudun shirwa, amma gudun nata ba ya ceton goma a fili. Shafa wa 'yan tsaki launi don rikita shirwa, da wasu ke yi, bai kai kife su da babban kwando a inuwa tare da uwarsu ba, ko killace su a ɗan keji har su yi mako huɗu zuwa shida, gashinsu ya fito.

Killacewa kuwa tana zuwa da nauyin ciyarwa, kuma a nan ake yawan kuskure. Tsakin gero ko na masara da dusa suna cika ciki, amma ba su isa gina jiki ba. Abin da uwar ke tono musu a waje, ƙwari da tsutsa, shi ne namansu. Akwai tsohuwar dabara a Afirka ta Yamma ta cusa busasshen kashin shanu da karmami a tsohuwar tukunya, a yayyafa ruwa, a kife ta kusa da suri; da safe a ɗauko ta cike da gara a karkaɗe wa 'yan tsaki. Mai hali ya sayi abincin tsaki na kamfani ko da na makonnin farko ne. Ruwa kuma a faifayin murfi marar zurfi, a zuba 'yan tsakuwa a ciki, a sauya kullum.

Sai annoba. Cutar Niyukasul, wadda ke sa kaza kasala da koren zawo da murɗewar wuya, takan share akurki gaba ɗaya, galibi da hunturu. Jiƙon sassaƙen maɗaci da barkono da ake ba su, da kafso mai ja da rawaya da ake kwancewa a ruwa, ba sa kashe ƙwayar bairos. Rigakafi ne kaɗai ke tare ta. Akwai nau'in I-2 mai jure zafi, wanda aka samar a Jami'ar Kwinsland ta Ostireliya saboda kajin ƙauye, kuma Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato tana yin sa. Ɗigo ɗaya ne a ido, a maimaita kamar bayan kowane wata huɗu, kuma ana ɗiga wa har 'yan tsaki. Matsalarsa ita ce kwalba guda ta fi ƙarfin kajin gida ɗaya, sai maƙwabta sun haɗa kai sun kira malamin dabbobi a rana guda.

Masu tallan kajin zamani kan kawo hujjar cewa kazar Hausa ba ta wuce ƙwai 40 zuwa 60 a shekara, alhali ta gidan gona na kusantar 300. Haka ne, kuma kwanci da reno ne ke cinye mata watanni. Sai dai kajin da aka tace domin ƙwai, irin su ShikaBrown ta cibiyar binciken dabbobi da ke Shika kusa da Zariya, ba don kwanci aka yi su ba, kuma ba a cika samun mai zama a cikinsu ba. Matar da ta sayar da kajinta na gida ta koma kansu kacokan, ta ɗaura wa kanta sayen tsaki daga kamfani duk zagaye. Mai wayo takan haɗa biyun: ta sa ƙwan ingantaccen iri a ƙarƙashin kazar Hausa, ko ta sayo tsaki 'yan kwana ɗaya ta cusa su da dare ƙarƙashin wadda ta kusa cika mako ukunta, sau da yawa ta wayi gari ta karɓe su a matsayin nata. Raba uwa da 'ya'ya da zarar sun yi gashi shi ma yana sa ta koma saka ƙwai da wuri.

Shirye-shiryen tallafa wa mata na gwamnati da na ƙungiyoyi sun fi son rabon sababbin kaji, domin shi ne ake gani a hoto. Da za su karkata wani kaso na kuɗin zuwa kejin reno, da rigakafi a kan lokaci, da malaman gona mata masu shiga gida-gida, da kajin da ke hannun matan tun asali sun ishe su riba.