Wa Ya Sari Garin Nan?

Duk wanda ya taɓa zama a zauren dagaci a ƙasar Ungogo ko Minjibir ko Dawakin Tofa ya nemi a ba shi tarihin gari, ya san yadda zancen ke tafiya. Za a aiki yaro ya kirawo dattijon da aka sani da riƙon tarihi. Ya zo ya gyara zama a tabarma, ya fara da wanda ya sari garin: ko maharbi da ya yada zango a gindin kuka, ko malami da almajiransa, ko Bafulatani da ya ga ruwa ya kafa ruga. Sai jerin masu gari, wane ya haifi wane, wane ya shekara kaza a kan mulki, yana ƙirgawa da yatsu har ya sauka kan mai ci yanzu. A ce ran dagaci ya daɗe, a shafa fatiha.

Salon ba na rainawa ba ne. Shi ne tsarin littafin tarihin sarakunan Kano da Baturen nan Palmer ya fassara a 1908, sarki bayan sarki tun daga Bagauda. Da irinsa gidaje ke riƙe hujjarsu, kamar Dambazawa da sarautar Sarkin Bai a Dambatta, ko Yolawa da ta Madaki a Dawakin Tofa. Sai dai labarin rawani ne. Wanda ya riƙe fartanya ba ya cikinsa.

Dubi Fanisau. Kowa zai gaya maka Sarki Ibrahim Dabo, wanda ya yi mulki daga 1819 zuwa 1846, ya mayar da ita ribaɗi lokacin yaƙinsa da Ɗan Tunku, kuma a nan Baturen nan Clapperton ya same shi a 1824. Za a nuna maka gidan sarki. To, su wa suka nome gandayen da suka ciyar da ribaɗin? Bayi ne. A 1975 Yusufu Yunusa ya zauna da dattawan garin da na'urar ɗaukar magana, ya yi musu tambayoyin da ba a yi a zaure, su kuwa suka buɗe baki: yadda ake fita aikin gandu, da gayaunar da bawa ke nomawa don kansa, da murgu, da fansa. A kan waɗannan kasa-kasai Mohammed Bashir Salau ya dogara sosai a littafinsa na 2011 kan Fanisau. Ashe ilimin yana nan a ƙirjin mutane, tsarin ba da tarihin ne bai bar masa ƙofa ba.

Na san dalilin shirun, kuma ina ganin girmansa. An yi auratayya, an zama ɗaya, tonon asali kuwa yana raba zumunci. Amma ana iya faɗin yadda aka rayu ba tare da an nuna gidan kowa ba. Haka ma mata: tsohuwar da ta ji labarin yunwar 1914 daga bakin kakarta ba a kiranta zaure, alhali ita ta san abin da aka ci a shekarar.

Abin da baki ya tsallake, ƙasa ta adana. Wannan yanki ne manazarta Mortimore da Wilson suka wallafa nazarinsa a 1965, inda suka tarar ana noma gona kowace shekara ba a barin ta ta huta, jakuna na kawo taki daga birni a mangala. Inda ƙasa ke da daraja haka, kowace iyaka da labarinta. Manomi zai tsaya a kan layin gamba ya ce maka daga nan zuwa waccan ɗorawar kakansa ya saya, kukar can kuwa ta gidan wane ce ko da yake gonar ta bar hannunsu. Zai nuna maka tudun da garma ke tono katanga, ya ce kufai ne, da ramukan karofi da suka cike da ƙasa. Ban taɓa jin mai ba da tarihin gari ya fara daga nan ba.

Yanzu birni ya taso wa Ungogo. Ana yanka gonaki fuloti-fuloti, dillali ya kafa turakun siminti, a sare ɗorawar a yi itace, wanda ya sayi filin kuma bai san gonar tana da suna ba.