Tunawa da Biyayya a cikin Littafin The Remains of the Day

Kazuo Ishiguro, wanda aka haifa a Nagasaki ta ƙasar Japan cikin 1954 amma ya girma a Ingila, shi ya wallafa littafin nan cikin 1989, ya kuwa ci kyautar Booker a wannan shekara. Labarin duka daga bakin mutum ɗaya ya ke fitowa, watau Stevens, shugaban barorin wani babban gida mai suna Darlington Hall. Cikin watan Yuli na 1956 ya ari motar sabon ubangidansa, wani Ba'amurke, ya nufi yammacin Ingila don ya ga Miss Kenton, wadda a dā ita ke kula da gidan. Tafiyar kwana shida ce, amma abin da ya tuna a hanya ya fi abin da ya gani yawa.

Mai karatun da ya yi garaje zai ce Stevens bawan Allah ne da aka yaudara, bai san abin da ake ciki ba. A ganinmu wannan fahimta ta gaza. Gaskiya ne tsohon ubangidansa, Lord Darlington, ya bar manzannin Hitler suka yi wasa da hankalinsa, har Ribbentrop, jakadan Jamus, ya zama baƙon gidan, shi kuwa Stevens yana goge azurfa yana alfahari. Amma sau biyu cikin littafin aka tambaye shi ko ya taɓa yi wa Lord Darlington aiki, ya ce a'a. Wanda bai san abin kunya ya faru ba, me zai sa ya yi musu?

Abin da Stevens ke kira mutunci shi ne bara ya danne kansa ƙarƙashin aikinsa, ya bar wa ubangida hukuncin daidai da kuskure. Don haka daren da mahaifinsa ya rasu a ɗakin sama, lokacin babban taron 1923, yana ƙasa yana zuba wa baƙi abin sha, har yana ƙidaya daren nan cikin nasarorinsa. Sa'ad da aka umurce shi ya sallami 'yan mata biyu masu aiki don kawai su Yahudawa ne, ya sallame su, ko da ya ke ransa bai so ba. Miss Kenton ta ce za ta bar aikin, ba ta bari ba, daga baya ta kira abin da ta yi tsoro. Shi kuwa ya kira nasa biyayya.

Inda gwanintar marubucin ta fi bayyana shi ne yadda tunanin Stevens ya zama shi ma bara, yana share abin da zai ɓata wa mai gida rai. Akwai wata rana da ya tsaya bakin ƙofar Miss Kenton, ya tabbata kuka ta ke yi a ciki, bai ƙwanƙwasa ba. Da fari ya gaya mana ranar da labarin rasuwar gwaggonta ya zo ne. Can gaba sai ya gyara, ya ce a'a, daren da ta shaida masa ta amince za ta auri wani ne. Kukan farko na mutuwa ne, babu hannunsa a ciki. Na biyun kuwa saboda shi aka yi, kuma daren nan ya wuce da tire a hannu, ya kai wa Lord Darlington da baƙinsa giya.