Jinjina ga masu haɗa akwatin lasifika a Magariya da Dungas

Biki, wa'azi ko tallar magani ranar kasuwa, duk sai da lasifika, kuma akwatuna da dama cikinsu a rumfar mai gyaran rediyo aka haife su. Kafinta ya yanka falanki mai kauri, mai gyara ya nemo lasifika tsohuwa ko sabuwa daga kasuwar Sabon Gari ta Kano, a manne da gam, a ɗaure da kusoshi, a shimfiɗa soso a ciki don kada katakon ya riƙa karkarwa.

Akwatin ba ado ba ne. Lasifika tsirara tana tura iska gaba da baya lokaci guda, sai amon gaba da na baya su kashe juna, amon ganga ya ɓace. Katakon ne ke raba su. A kan wannan Edgar Villchur ya yi suna a Amurka a 1954 da akwatinsa AR-1, rufaffe ruf, wanda iskar cikinsa ke riƙe takardar lasifikar. Namu ba su ga zanensa ba, kunne ne ma'auninsu. Su ƙara girman akwati, su huda masa rami, su saurara, su sake.

Abin da ya fi burge ni shi ne naɗin waya. In lasifika ta ƙone, sai a ɓamɓare takardar, a naɗa sabuwar wayar tagulla siririya kamar gashi, zagaye bayan zagaye, a mayar cikin maganaɗisu ba tare da ta goga ba. Ƙurar hunturu kaɗan ta shiga nan, sauti ya dishe.

Masu biki, ku daina yi wa masu wannan sana'a tayin wulaƙanci, ku biya su haƙƙinsu cikakke.