4.3 Aro da Sarrafawa a Faifan Farko na Rolling Stones

Wannan sashe zai duba faifan farko na ƙungiyar Rolling Stones, wanda kamfanin Decca ya fitar a Ingila cikin watan Afrilu na 1964. Abin da ake son tantancewa shi ne ko matasan sun sarrafa abin da suka aro daga Amurka, ko kuwa kwaikwayo kawai suka yi.

Faifan yana ƙunshe da waƙoƙi 12. Daga ciki, guda 9 na aro ne, galibinsu daga makaɗa baƙar fata irin su Chuck Berry da Bo Diddley da Jimmy Reed da Slim Harpo. Waƙa ɗaya tak, wato "Tell Me", ita ce Mick Jagger da Keith Richards suka tsara su biyu. Hatta sunan ƙungiyar daga wata waƙar Muddy Waters ta 1950 aka samo shi. Saboda haka, ta fuskar jigo da kalmomi, babu wani sabon abu da za a jingina musu.

Inda sarrafawa ta bayyana shi ne wajen kari da rauji. Misali, waƙar "I Just Want to Make Love to You", wadda Willie Dixon ya tsara, Muddy Waters ya rera ta a Cikago a 1954 cikin natsuwa, da kakkaurar murya irin ta magidanci. Su kuwa waɗannan matasa sai suka ninka saurin kiɗan, Jagger, ɗan shekara 20, yana jefo kalmomin a gaggauce. Kalmomin ba su canza sosai ba, amma ma'ana ta canza: gadarar babba ta koma zumuɗin saurayi. Wannan sauyi ya jawo hankalin matasan Ingila, sai dai ya rage wa waƙar nauyi.

Bisa ga haka, ba daidai ba ne a kira faifan kwaikwayo tsantsa, haka nan kuma bai kai matsayin ƙirƙira ba. Faifai ne na almajiranci. Ƙungiyar ba ta tsaya da ƙafarta ba sai a faifan Aftermath na 1966, wanda dukkan waƙoƙinsa Jagger da Richards ne suka tsara su.