Kemo ko gashi? A karanta binciken kafin a yanke wa mai sankarar mahaifa hukunci

A shekarar 2019 mujallar New England Journal of Medicine ta wallafa sakamakon wani gwaji mai suna GOG-258. Mata sama da 700 masu sankarar mahaifa da ta yi nisa aka raba gida biyu: wasu aka yi musu kemo kaɗai, wasu aka haɗa musu gashin radiyeshon da kemo. Bayan shekara 5, waɗanda ciwon bai dawo wa ba sun kai kashi 59 cikin 100 a rukunin gashi, kashi 58 a ɗaya rukunin. Kusan kunnen doki ke nan.

Za ka iya cewa ai shi ke nan, a huta da gashi. Ga wanda ke jinyar 'yar'uwarsa daga Gwaram, maganar tana da daɗin ji. An duba ta a Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu, sannan a ce sai an tafi irin su Shika a Zariya neman na'urar gashi, a yi makonni ana zuwa kullum, ga kuɗin mota ga na makwanci.

To amma dakata. Binciken mai kyau ne, ɗaukar da ake yi masa ce ke da gyara. A kan sankarar shimfiɗar cikin mahaifa aka yi shi, kuma sai da aka cire wa matan mahaifar tukuna. Mu kuwa da Hausa mukan yi kuɗin goro, mu ce "sankarar mahaifa", alhali wadda ta fi addabar matanmu ita ce ta bakin mahaifa, wadda ƙwayar HPV ke jawowa. Ita wannan idan ta wuce tiyata, gashi ne ginshiƙin magani. Tun 1999 gwaje-gwaje 5 suka nuna cewa haɗa shi da maganin cisplatin yana rage mace-mace, wato kemo ɗin rakiya take yi masa, kuma ana so a kammala cikin mako 8.

Ko a GOG-258 ɗin ma, gashi ya rage dawowar ciwon a ƙugu, kemo zalla kuma ta fi tare shi daga bazuwa nesa. Aikinsu ba ɗaya ba ne.

Saboda haka ka fara tambayar likita abin da gwajin tsoka ya nuna: bakin mahaifa ne ko cikinta, kuma mataki na nawa?